Ranar da Intanet Zai Cika Ba Ta Zo Ba: Martani ga Johna Till Johnson

A watan Nuwamban 2007 wani kamfanin bincike na Amurka mai suna Nemertes ya fitar da rahoton da ya zagaye jaridun duniya cikin 'yan kwanaki. Shugabar kamfanin, Johna Till Johnson, ita ce ta riƙa fitowa tana kare shi. Abin da rahoton ya ce shi ne buƙatar jama'a ta intanet tana gudu fiye da yadda ake faɗaɗa hanyoyinsa, kuma in ba a zuba ƙarin jari ba, wajen shekarar 2010 za a fara ganin cunkoso: shafi ya ƙi buɗewa, bidiyo ya riƙa tsayawa, sabbin kamfanoni su rasa filin da za su fito. Har farashin magani aka yanka, dala biliyan 137 a faɗin duniya, a Amurka kaɗai kuma ƙarin biliyan 42 zuwa 55 a kan abin da kamfanonin sadarwa suka riga suka shirya kashewa.

Wani zai ce me ya kawo tonon tsohon zance. Dalili shi ne zancen bai tsufa ba. Irin wannan lissafin ne manyan kamfanonin sadarwa na Turai suka ɗauko a 2022 suka kai gaban hukumomi, kuma duk lokacin da za a ƙara kuɗin data a wata ƙasa sai an ji ƙamshinsa. Har yanzu kuma akwai masu cewa ba a yi wa Madam Johnson adalci ba, wai 'yan jarida ne suka karkatar da maganarta. Ni ina ganin ko an karanta ta daidai yadda take so a karanta ta, hasashen ya tashi ne a kan gurguwar ƙafa.

A fara ba ta haƙƙinta. Ba ta ce intanet zai ruguje ba, kuma ta sha nanata haka. Ta yarda cewa manyan jijiyoyin faiba da ke haɗa birane da ƙasashe suna da sauran fili. Inda ta ce za a sha wuya shi ne zangon ƙarshe, wato wayar da ke tasowa daga ofishin kamfani ta shiga gidan mutum. A nan ta taɓo gaskiya, domin zangon ƙarshe shi ne mafi tsada: haƙa rami ne titi bayan titi, gida bayan gida. Amma sanin inda rauni yake daban, sanin ranar da zai fashe daban, kuma ranar ce aka sayar wa duniya.

Babbar matsalar tana cikin yadda aka yi lissafin. Nemertes ta auna abu biyu kowanne shi kaɗai. A gefe guda ta ƙiyasta datar da mutane za su so su ja in babu abin da ya tare su, a ɗaya gefen ta ƙiyasta ƙarfin ɗaukar wayoyin da za a samu in jari ya ci gaba yadda yake. Sai aka ja layi biyu a takarda, aka duba inda suka gitta juna, aka ce ga shekarar masifa. Kamar mutum ne ya zaga unguwa yana tambayar kowane magidanci kilo nawa na nama zai ci a rana in kyauta ne, ya tara jimla, ya tafi kara ya ƙirga shanu, ya dawo ya yi shelar cewa nan da shekara uku nama zai ƙare a gari. Buƙatar da ba ta san farashi ba, ba ta san ƙarfin wayar da ke hannu ba, ai ba ta taɓa wanzuwa a ko'ina ba. Mutum yana kallon bidiyo ne gwargwadon abin da layinsa da aljihunsa suka ɗauka. Masu ƙirƙirar manhajoji su ma suna duba irin layin da jama'a ke da shi kafin su fitar da kaya. YouTube bai fito a 1998 ba, lokacin da yawancin gidaje ke shiga intanet ta wayar tarho. Ya jira 2005, bayan layuka masu sauri sun yawaita. Layukan nan biyu da aka ja daban-daban, a zahiri suna tafiya ne riƙe da hannun juna.

Intanet ma an gina shi ne da dabarar ja da baya idan hanya ta matse. Cunkoso na gaskiya ya taɓa faruwa, a watan Oktoban 1986, sa'ad da layin da ke tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke kusa da shi ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa 40 kacal. Ba a warware wannan da biliyoyin daloli ba. Van Jacobson ne ya zauna ya gyara ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen aika bayanai, ta yadda kowacce za ta rage gudu da kanta da zarar ta ga alamar matsi. Tun daga 1988 ake aiki da wannan gyara. Bidiyon yau ma haka yake yi: in layi ya yi rauni hoto ya ɗan dushe, in ya dawo hoto ya washe. Hasashen da bai sa wannan hali a lissafi ba yana maganar wata na'ura ce dabam, wadda ba ita muke amfani da ita ba.

Sai batun saurin bunƙasa, wanda a kansa ne duk ginin ya tsaya. A daidai lokacin da rahoton ya fito, Farfesa Andrew Odlyzko na Jami'ar Minesota yana gudanar da wani aiki na tattara alƙaluman zirga-zirgar bayanai daga mahaɗun intanet masu yawa da ke wallafa nasu a fili. Abin da ya gani shi ne bunƙasar tana tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 a shekara, kuma raguwa take yi. Wannan ba ƙaramar bunƙasa ba ce, amma kayan aikin sadarwa suna ƙara ƙarfi da araha da saurin da ya yi kusa da haka, don haka da kuɗin da aka saba kashewa ma za a iya riƙe ta. Bambancin da ke tsakanin kashi 50 da kashi 100 yana kama da ƙarami a baki. A shekara biyar kuwa, na farko ya ninka sau bakwai da rabi, na biyu ya ninka sau 32. Duk wanda ya zaɓi lambar sama a farkon lissafi ya riga ya zaɓi amsarsa.

Ya kamata a ce duk mai wannan sana'a ya yi hattara da lambar sama, domin an taɓa cin kasuwa da ita. A ƙarshen shekarun 1990 an yi wata magana da kowa ya haddace, wai zirga-zirgar intanet tana ninkawa duk kwana 100. Daga bakin shugabannin UUNET ta fi fitowa, reshen kamfanin WorldCom. A 1998 Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta saka ta a cikin rahotonta, daga nan ta zama kamar karatun da ba a ja da shi. Masu nazarin hannun jari suka ɗauka, kamfanonin bincike suka ɗauka, 'yan siyasa suka ɗauka. Da an ɗauki biro an gwada, da an ga inda za ta kai: ninkawa duk kwana 100 na nufin kusan ninki 13 a shekara, fiye da ninki 300,000 a shekara biyar. Odlyzko, wanda a lokacin yake aiki a ɗakin binciken AT&T, shi da abokin aikinsa Kerry Coffman sun auna tun 1998 sun ce sau ɗaya take ninkawa a shekara. Ba wanda ya saurare su, saboda kuɗi suna wajen ɗaya labarin. Aka binne faiba ta biliyoyin daloli a ƙasa da ƙarƙashin teku, mafi yawanta aka bar ta a kashe babu haske a ciki. Kamfanin faiba na Global Crossing ya durƙushe a watan Janairun 2002, WorldCom ya bi bayansa a watan Yuli, aka gano an yi aringizon kusan dala biliyan 11 a littattafansa, aka yanke wa shugabansa Bernard Ebbers hukuncin ɗaurin shekara 25. Ma'aikata da 'yan fansho da suka sa ajiyarsu a hannun jarin su ne suka kwana a ciki.

Shekara biyar kacal ke nan tsakanin wannan abin kunya da rahoton Nemertes. Kuma mutumin da ya faɗi gaskiya a karon farko shi ne dai yake sake cewa a yi a hankali. Ban ga uzurin da Madam Johnson za ta kawo ba na fifita ƙiyasin buƙatar da aka zana a ofis a kan ma'aunin da aka ɗauko daga wayoyin kansu.

Ta ɓangaren wadata kuma, lissafin ya ɗauka cewa ƙarin ƙarfi yana zuwa ne ta hanya ɗaya, wato a kashe kuɗi a ja sabuwar waya. Injiniyoyi ba su yarda da haka ba. Kamfanonin talabijin na kebul a Amurka sun fara sauya na'urorin da ke kan tsohuwar wayarsu tun 2008, suka ninka saurinta ba tare da sun sake haƙa rami ba. A kan faiba, an koyi cusa launukan haske da yawa a zare ɗaya, kowane launi da nasa kaya, har wajen 2010 launi ɗaya ya fara ɗaukar gigabit 100 a daƙiƙa. Abin da ya fi waɗannan tasiri shi ne matso da kaya kusa da mai saye. Akamai ya fara wannan sana'a tun 1998, Google ya riƙa ajiye na'urorinsa a cikin ofisoshin kamfanonin sadarwa, Netflix ya buɗe nasa tsarin a 2012 yana ba su akwatunan ajiya kyauta. Fim ɗin da mutum miliyan ɗaya za su kalla, sau ɗaya zai ƙetare teku, sauran kallon duk daga cikin gari ne. Mai ƙirga jimlar data zai ga lamba ta haura sama, amma nauyin da ke kan doguwar hanya bai haura tare da ita ba.

Yanzu sai maganar da masu kare rahoton ba sa son a tayar, wato wa ya biya kuma wa ya amfana. Cikin waɗanda suka sa kuɗi kuma suka yayata shi akwai wata ƙungiyar kamun ƙafa ta Washinton mai suna Internet Innovation Alliance, wadda AT&T ke cikin membobinta. Madam Johnson ta dage cewa babu wanda ya tsara mata sakamako. Ba ni da hujjar ƙaryata ta, kuma ba na buƙatar ta. Ba sai an saye mai bincike ba. Ya isa a duba cikin masu bincike goma a ɗauki wanda sakamakonsa ya dace da buƙata a ba shi lasifika. Ga yadda aka yi da kayan nata. A watan Afrilun 2008 Jim Cicconi, babban jami'in AT&T mai hulɗa da gwamnati, ya tsaya a wani taro a Landan ya ce intanet zai kai maƙurarsa a 2010, ya kawo lambobin jari masu kama da na Nemertes, har ya ƙara da cewa nan da shekara uku gidaje 20 za su riƙa jan datar da ta fi ta dukan intanet na lokacin. Wannan magana ko a majalisar shayi ba za ta wuce ba a yi dariya ba, amma jaridu sun buga ta. Kafin nan, a farkon 2007, Bret Swanson ya riga ya rubuta a Wall Street Journal cewa ambaliyar bidiyo na tafe, ya kuma ɗaure zancen da cewa kada gwamnati ta kafa dokar da za ta hana kamfanonin sadarwa fifita wasu bayanai a kan wasu.

Wannan ita ce rigimar da ake yi a Amurka a lokacin. A watan Oktoban 2007 kamfanin dillancin labarai na AP ya tabbatar da cewa kamfanin sadarwa na Comcast yana shaƙe masu amfani da manhajar BitTorrent a ɓoye. Hukumar sadarwa ta FCC ta same shi da laifi a watan Agustan 2008, a watan Oktoba kuma ya sa wa kwastomominsa iyakar gigabait 250 a wata. A irin wannan yanayi, takardar da ta ce hanya ta kusa cika makami ce, ko mai rubuta ta ya so ko bai so ba. Mai binciken da ya ga ana yaƙi da sunansa da ƙarin gishirin da bai sa ba, nauyi ne a kansa ya fito ya ce ba haka na faɗa ba, da irin ƙarfin muryar da ya tallata rahoton. Abin da aka gani a maimakon haka shi ne sabon rahoton Nemertes a 2008, da kuma manazarcin kamfanin yana gaya wa jaridun Ingila a 2009 cewa abin zai tsananta zuwa 2012.

2010 ta zo ta wuce, 2012 ma haka. A tsakanin nan Netflix, wanda ya fara tura fim ta intanet a 2007, ya kai yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na datar da gidajen Arewacin Amurka ke ja da daddare. Bidiyon da aka ce zai kashe hanya ya zo da yawan da ya isa, hanya ta ɗauka. Sabbin kamfanonin da aka ce za su rasa fili kuwa, a waɗannan shekarun ne WhatsApp da Instagram da Zoom suka fito.

Na san amsar da ake bayarwa a nan: ai gargaɗin ne ya sa aka tashi tsaye, shi ya sa masifar ba ta auku ba. Wannan amsa ta fi hasashen muni. In cunkoso ya zo, mun faɗa. In bai zo ba, mu muka hana shi. To ta ina za a kama mai irin wannan magana da kuskure? Kuma ba a ga wani gagarumin ƙarin jari irin wanda rahoton ya nema ba, domin shekarun 2008 da 2009 shekarun karayar tattalin arziki ne, kowa yana ƙulle bakin jakarsa. Gara ma Bob Metcalfe, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Ethernet. A ƙarshen 1995 ya rubuta a mujallar InfoWorld cewa intanet zai ruguje a 1996, ya yi alƙawarin cinye rubutunsa in hakan bai faru ba. A watan Afrilun 1997, a gaban taron masana a Santa Clara, ya sa takardar a injin markaɗe da ruwa ya shanye. Ya faɗi rana, rana ta ƙaryata shi, ya biya.

Ba cewa nake yi hasashe a wannan fanni ba ya yiwuwa ba. Geoff Huston na hukumar APNIC ya shafe shekaru yana lissafin ranar da tsofaffin adireshin intanet za su ƙare, kuma rumbun tsakiya ya ƙare a watan Fabrairun 2011, kusa da inda lissafinsa ya nuna. Ya yi nasara ne saboda abin da yake ƙirgawa yana da iyaka sananniya, kusan adireshi biliyan 4.3, kuma alƙalumansa a buɗe suke kowa ya duba ya ƙalubalanta. Ƙarfin ɗaukar waya ba shi da irin wannan rufi. Yana motsi da farashi, da fasaha, da shawarar da shugabannin kamfani suka yanke a ɗakin taro.

Shawarar ɗakin taro kuwa ita ce ta haifar da fitaccen cunkoson da Amurkawa suka gani da idonsu. Daga ƙarshen 2013 zuwa farkon 2014 masu layin Comcast sun riƙa kuka da tsayawar fina-finan Netflix. Mahaɗun da ke tsakanin kamfanonin ne suka cika aka ƙi faɗaɗa su, ana jayayya kan wanda zai biya. A watan Fabrairun 2014 Netflix ya amince ya biya, cikin 'yan makonni sauri ya dawo. Ba a ja sabuwar waya zuwa gidan kowa ba. Jarrabawa mafi tsanani ta zo a watan Maris na 2020, sa'ad da korona ta kulle duniya a gida, makaranta da ofis da zumunci duk suka koma kan waya a mako ɗaya. Mahaɗar DE-CIX da ke Farankfot ta haura terabit 9 a daƙiƙa. Gaskiya ne kwamishinan Tarayyar Turai na lokacin Thierry Breton ya roƙi Netflix ya rage nauyin hotonsa na kwana 30, kuma ya rage. Amma ƙungiyar hukumomin sadarwa ta Turai, BEREC, wadda ta riƙa bibiyar lamarin, ta ce ba a sami wani babban cunkoso ba.

Duk da haka, shekara biyu bayan nan sai ga tsohon zance da sabuwar riga. Ƙungiyar manyan kamfanonin sadarwa ta Turai, ETNO, ta ɗauki kamfanin bincike na Axon ya rubuta mata rahoto a 2022, cewa data tana ƙaruwa, kamfanoni 'yan ƙalilan irin su Google da Netflix da Meta ke jawo fiye da rabinta, don haka a tilasta musu su biya. BEREC ta duba a watan Oktoban shekarar ta ce ba ta ga hujja ba, domin mafi yawan kuɗin gina layin gida bai dogara da yawan datar da ke bi ta cikinsa ba, kuma kwastoma ya riga ya biya kuɗin layinsa.

Mu a nan Najeriya muna da dalilinmu na ƙin wannan salon tunani, domin ƙarancin da muke fama da shi ba ya cikin irin waccan takarda. Kafin 2010 Najeriya ta dogara ne da kebul ɗin SAT-3 da tauraron ɗan'adam. MainOne na Funke Opeke da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010, WACS da ACE suka biyo a 2012, Equiano na Google ya iso a 2022. Ƙarfin da ke jibge a bakin teku ya fi abin da ƙasar ke iya ja zuwa ciki, kuma masu sana'ar sun daɗe suna kukan cewa kai data daga Legas zuwa cikin ƙasa ya fi kawo ta daga Landan tsada. Abin da ke hana ta isa Gusau ko Damaturu ko ƙetarawa Maraɗi sanannu ne: kuɗin izinin haƙa rami, wanda aka amince ya zama naira 145 a kowace mita amma jihohi da dama suka daɗe suna karɓar dubbai, sai ɗaiɗaiku irin Kaduna da ta yafe shi a 2020, masu aikin titi da ke tsinke faiba, dizal ɗin da ake ba turakun sabis saboda babu wuta, da rashin tsaro. Ranar 14 ga Maris, 2024, da kebul huɗu suka lalace a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, bankuna suka tsaya, masu POS suka naɗe hannu. Ba yawan kallon bidiyo ne ya jawo wannan ba. Wayoyin ne suka bi ta lungu ɗaya a ƙarƙashin ruwa, abu ɗaya ya same su tare, aka kuma ɗauki makonni ana jiran jiragen gyara su iso daga nesa.